DIYYAR GIDAN DA BA A RUSHE BA

Duk sa'ad da Gwamnati ta ƙudura yin sabuwar hanya a cikin gari, mutanen da abin ya shafa su kan rabu kashi biyu. Akwai waɗanda safiyo ya zo ya shafa wa bangonsu jan fenti, watau alamar za a rushe. Waɗannan kowa ya san da zamansu. A kan rubuta sunayensu, a auna ɗakunansu, a ƙirga itatuwansu, a yi musu ƙiyasin diyya. Ko an biya su da wuri ko an ja musu rai, ko kuɗin ya isa ko bai isa ba, sunansu dai yana cikin littafi. Akwai kuma waɗanda igiyar awo ta tsaya daidai gindin katangarsu, ba ta shiga ba. Ran da aka yi awon a kan zo a yi musu barka da arziki, su ma su yi ta godiya ga Allah. A kan waɗannan na biyu mu ke so mu yi magana yau, domin a ganinmu sau da yawa su ke kwana cikin hasara, ga shi kuwa dokar ƙasa ba ta san da su ba.

Mu ɗauki misalin da kowane mai karatu ya taɓa ganin irinsa. Mutum yana zaune cikin lungu, tsakaninsa da tsohon titi akwai gidaje uku. Aka rushe ukun nan, aka yi ciko, aka ɗaga sabon titin har ya fi dokin ƙofarsa bisa. Da damina ta faɗi, ruwan da kwalta ta ƙi sha sai ya gangaro ya cika masa zaure. Da dare manyan motoci su na wucewa, ƙasa tana rawa, har bangon ɗakin uwargida ya fara tsagewa. Fitilar titi tana haska tsakar gida inda iyali su ke shimfiɗa tabarma da bazara. Ƙura da hayaƙi kuwa ba a maganarsu. In ya gaji ya ce zai sayar ya koma wani wuri, dillali ya zo ya duba, ya ce gidan da dā a ke rububinsa yanzu sai an yi ragi mai yawa kafin a sami mai taya shi. Ba a taɓa masa ko tubali ɗaya ba, amma an ɗebi wani abu daga dukiyarsa, kamar yadda aka ɗiba daga ta maƙwabcinsa da aka rushe wa gida. Maƙwabcin ya karɓi nasa ya yi gaba. Shi fa, ina zai kai kukansa?

In ya tafi ofishin ƙasa, akawu zai buɗe doka ya nuna masa, kuma ba laifin akawu ba ne. Tun daga dokar ƙasa ta 1910, wadda ta sa ƙasar Arewa duka a hannun Gwamna a matsayin amana, har zuwa dokar Jihar Arewa ta 1962 da ma'aikatan En'e suka yi aiki da ita, har ya zuwa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 da ta game Nijeriya duka, tushen diyya ɗaya ne. Sai an karɓe maka ƙasar sa'an nan a ke maganar biya. Sashe na 28 na dokar 1978 ya ba Gwamna iko ya soke haƙƙin zaman mutum bisa fili sabo da amfanin jama'a, sashe na 29 kuma ya ce a biya shi abin da ya aza a kan filin, watau gini da shuka da makamantansu. Sashe na 44 na Tsarin Mulkin 1999 shi ma magana ya ke a kan dukiyar da aka karɓa tilas. Wanda ba a soke haƙƙinsa ba, ba a karɓi kome nasa ba, ba shi da gurbi a cikin waɗannan sassa. Abin da ya rage masa sai ya ɗauki lauya ya kai hukuma ƙara a kotu, talaka kuwa ya san abin da wannan ke nufi.

Ba mu kaɗai muka taɓa zama cikin wannan hali ba. Ingila, inda muka gaji mafi yawan hanyoyin shari'ar boko, ta zauna a cikinsa fiye da shekara ɗari, labarin yadda ta fita kuwa ya isa a tsaya a saurara.

A shekarar 1869 wata ƙara ta kai har Majalisar Dattawan Ingila, wadda a zamanin ita ce kotun ƙoli ta ƙasar. Wani mutum mai suna Brand da matarsa su na da gida a yammacin Landan, sai kamfanin jirgin ƙasa na Hammersmith ya shimfiɗa dogo kusa da su. Ba a ci musu ƙasa ba, amma duk jirgin da ya wuce sai gidan ya girgiza, darajarsa ta faɗi. Alƙalai ba su musa hasarar ba. Abin da mafi yawansu suka yanke shi ne, tun da Majalisar Dokoki ce ta ba kamfanin izinin gudanar da jirage, ba za a kama shi da laifin damun maƙwabci ba. Dokar diyya kuma ta tsaya ga ɓarnar da aka yi wajen gina dogon, ba ta kai ga ɓarnar da zirga-zirgar jirage ke jawowa bayan an gama ginin ba. Watau an rufe wa Brand ƙofa biyu a rana ɗaya. A kan wannan hukunci aka zauna, aka yi ta gina dogo da tituna da filayen jirgin sama, maƙwabtansu su na haƙuri.

Abin da ya karya haƙurin ya faru ne a gefen wannan dogon na Hammersmith ɗin dai, abin mamaki. A watan Yuli na 1970 aka buɗe wata babbar gadar sama ta motoci mai suna Westway, tsawonta kamar mil biyu da rabi, ta taso daga Paddington ta yi yamma, wani sashenta yana bin gefen dogon. An rushe gidaje da yawa domin ta, aka sake wa masu su mazauni. Amma a titin Acklam da wasu na kusa da shi an bar jerin gidaje a tsaye, motoci su na gudu daura da tagogin benensu, tazarar 'yan kamu kaɗan. Ran bikin buɗewa mutanen unguwar suka rataya ƙyalle mai manyan haruffa a jikin gidajensu, su na roƙo a fid da su daga wannan azaba. Jaridu suka ɗauki hotuna, ƙasa duka ta gani. Daga baya aka kwashe mutanen Acklam aka rushe gidajen. Gwamnatin Edward Heath ta fid da takardar manufa a watan Oktoba na 1972, a cikin 1973 kuma Majalisa ta zartar da Dokar Diyyar Ƙasa. Kashinta na farko domin irin su Brand aka yi shi, shekara 104 bayan an kore ƙararsu. An ma mai da hannun dokar baya har zuwa ayyukan da aka buɗe tun daga 17 ga Oktoba, 1969, don kada waɗanda kukansu ya jawo ta su tashi a tutar babu.

To, me dokar ta ce? Ya kamata malamai su lura da ita da kyau, domin hikimarta tana cikin iyakokin da aka yi mata. Ba ta ce duk wanda ya ji haushin sabuwar hanya ya zo ya karɓi kuɗi ba. Ta lissafta abubuwa bakwai: ƙara, da girgiza, da wari, da tururin mai, da hayaƙi, da hasken fitila, da zubowar wani abu mai ruwa ko mai ƙarfi cikin filin mutum. In ɗaya daga cikin waɗannan ya taso daga amfani da sabuwar hanyar, ya kuma rage kuɗin da gidan zai yi a kasuwa, hukumar da ke da hanyar ita za ta biya bambancin. Wanda ya ce hanya ta tare masa ganin kogi ko tudu, ko masu wucewa su na leƙa gidansa, ba shi da rabo a nan. Wanda ya ce motoci sun ƙaru a tsohon titin da ba a taɓa ba, shi ma haka. Sake zuba kwalta bisa tsohuwar hanya ba ya shiga lissafi, sai in an kau da hanyar daga inda ta ke, ko an faɗaɗa ta, ko an sāke bisanta, ko an ƙara mata wani hannu.

Ga kuma maganar lokaci. Ba a karɓar takardar neman diyya sai hanya ta cika shekara ɗaya da buɗewa. Dalili a fili ya ke: a watannin farko ba wanda ya san yawan motocin da za su riƙa bi, kasuwar gidaje ma ba ta natsu ba. Kashegarin cikar shekarar ita ce ranar da a ke ɗora ƙiyasi a kanta, da farashin wannan rana a ke aiki. Daga ita mai gida yana da shekara shida ya shigar da buƙatarsa. Da farko shekara biyu ce, aka tsawaita a 1980. Sai wanda ya mallaki gidan tun kafin a buɗe hanyar, ko mai hayar dogon zango da ta rage masa aƙalla shekara uku, domin wanda ya saya bayan an buɗe ya riga ya sami ragin a wurin ciniki, ba zai ci biyu ba. In hasarar ba ta wuce fam 50 ba, ba a biya. In an biya kuwa, hukuma ce ke ɗaukar ladan mai ƙiyasi da na lauyan da mai gida ya ɗauka, gwargwadon abin da ya dace. In an kasa daidaitawa, akwai kotu ta musamman ta al'amuran ƙasa da ke raba gardama. Ban da wannan duka, ƙa'idodin 1975 sun wajabta wa hukuma ta sa wa gida tagogi masu tare ƙara, in yana cikin mita 300 daga sabuwar hanya, ƙarar kuma ta kai ma'auni 68 na awon da a ke kira desibel, tare da wasu sharuɗɗa. Da wannan doka a ke aiki a Ingila da Wales har yau, Sikotilan kuma tana da tata mai kama da ita ta wannan shekarar.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Za su ce a ƙasarmu hanya arziki ce. Ƙauyen da kwalta ta ratsa ya zama gari, filin da ba mai so ya zama na rububi, mai zaure ya fasa bango ya fid da shaguna uku yana karɓar haya. Yaya za a ce Gwamnati ta kawo wa mutum alheri har ƙofar gida sa'an nan ta biya shi? Gaskiya ne, mafi yawan waɗanda hanya ta bi ta wajensu riba su ke ci, ba kuwa wanda ya fi mu murna da sababbin hanyoyi. Amma Turawan da suka tsara dokar 1973 ba su manta da wannan ba. Sun ce a auna duka biyu: in hanyar ta ƙara wa gida daraja ta wata fuska, a cire ƙarin daga hasarar, abin da ya saura shi ne diyya. Wanda ribarsa ta rinjayi hasararsa ba ya samun ko anini. Sabo da haka masu shaguna uku ba su cikin lissafinmu. Wanda mu ke nufi shi ne na gindin gadar sama, wanda motoci ke wucewa ta bisa kansa ba mai iya tsayawa, da wanda aka bari cikin rami bayan an yi ciko, da wanda bakin kwalbati ya kalli katangarsa. Don mutum tara sun ci riba, ba hujja ba ce a ce na goma ya ɗauki hasara shi kaɗai. Hanyar ta jama'a ce duka, kuɗinta ma na jama'a ne duka, abin da ya ɓace daga gidan mutumin nan kuwa yana cikin kuɗin hanyar, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Yau dai shi ke biyan wannan kaso daga aljihunsa ba da yardarsa ba.

Za a ce kuma baitulmali ba zai iya ba, ga waɗanda aka rushe wa gidaje ma a kan daɗe ba a sallame su ba, balle a ƙaro wasu. Wannan ita ce hujja mafi nauyi, ba mu raina ta ba. Amsarmu ita ce, ranar da injiniya ya san ruwan da ya saki cikin gidajen mutane zai komo wa ma'aikatarsa da takardar biya, ranar zai zauna ya sāke zanen lambatu. Gina magudanar ruwa ta kirki tun farko ya fi araha bisa biyan gidaje ashirin daga baya, rigakafi kuwa an ce ya fi magani. Mu a ganinmu babban amfanin irin wannan doka shi ne ta sa a yi aikin da kyau har a rasa wanda zai nemi diyyar. Abin da ba shi da farashi a takardar ƙiyasi ba mai kula da shi, ko da mai zanen mutumin kirki ne, domin an ce masa ya rage kuɗi, sai ya rage daga inda ba a tambaya.

Kada kuma wani ya ce wannan tunanin Turawa ne da ba mu san shi ba. Alƙalanmu sun san babin cutar da maƙwabci tun kafin a yi mota. Risala ta hana mutum ya buɗe taga da za ta tone asirin maƙwabcinsa, ko ya yi haƙa da za ta cuce shi, ko da cikin mallakarsa ya ke yi. Tuhufa ta Ibn Asim, wadda alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe su na hukunci da ita, ta hana a ƙago abin da zai cuci maƙwabci cuta tabbatacciya, kamar tanderu ko abin da ke lalata bango. Sa'an nan ta bambanta wannan da raguwar ciniki: in mai tanderu ya ga wani ya gina tanderu kusa da nasa ya janye masa masu saye, ba a hana shi. A duba a gani, kusan wannan iyakar ce dokar Ingila ta ja. Ƙara da hayaƙi da girgiza a biya, amma mai sayar da abinci da sabuwar hanya ta kewaye garinsu ta ɗauke masa matafiya, wannan sai haƙuri. Mun ji tausayinsa, amma mun yarda da iyakar, domin in aka buɗe wannan ƙofa ba ranar rufe ta. Abin da ya kai ga tambaya shi ne, abin da aka hana talaka ya yi wa maƙwabcinsa, don me zai zama ba kome in hukuma ce ta yi? Ita ba za a hana ta yin hanya ba, sabo da amfanin jama'a ya rinjaya. Tun da ba za a hana ta ba, sai ta biya.

Ba mu ce a kwafo dokar Ingila baƙi da baƙi ba. Gidan ƙasa da azara ba ya jure abin da gidan jan bulo ke jurewa, ruwan sama na watan Agusta a Kano ko Zariya kuma ba irin yayyafin Landan ba ne. Dokar da za ta yi mana amfani lalle ta ambaci ruwan da titi ke turowa da sunansa, ta ambaci ɗaga titi bisa ƙofar gida, ta ambaci toshe mashigar gida da shingen kankare. Shekara ɗayan jira ta dace da mu ƙwarai, domin sai damina ta zagayo a ke sanin inda ruwa ya nufa. Shekara shida kuwa ta yi yawa a inda takardu ke ɓacewa, uku ta isa. Sa'an nan kada a ce sai mai takardar mallaka ta Gwamna kaɗai zai nema. Mafi yawan gidajen cikin birni gado ne, shaidarsu mai unguwa da dagaci da maƙwabta, dokar 1978 kanta kuma ta amince da waɗanda ta tarar bisa filayensu. In aka manta da su, an yi dokar domin masu hali ke nan. Taɓa ita dokar 1978 abu ne mai wuya, tun da sashe na 315 na Tsarin Mulki ya ɗaure ta, ba a gyara ta sai ta hanyar da a ke gyara shi. Amma abin da mu ke nema bai rushe kome a cikinta ba, ƙari ne a gefenta, mu na roƙon masana shari'a na Majalisun Dokokin Jihohi su duba yadda za a yi shi a kan hanyoyin da ke hannun jiha.

Wuyar da ta fi kowace, a ganinmu, ita ce ta ƙiyasi. A Ingila in an sayar da gida a kan rubuta kuɗinsa a ofishin rajistar ƙasa, mai ƙiyasi ya duba abin da gidaje irinsa suka yi a lungun da hanya ba ta dama ba, ya gwada. A nan ciniki tsakanin mai saye da mai sayarwa da dillali ya ke ƙarewa, abin da a ke rubutawa a takarda kuma ba kullum ne ya ke daidai da abin da aka ƙirga ba. In ba a yi hattara ba, ƙiyasi zai zama abin da mai baki ya faɗa, mai ɗan'uwa a ofis ya sami diyyar ƙarar da bai ji ba, gwauruwar da ruwa ya ci ɗakinta ta koma hannu wofi.

Nan ne aikin ya komo kan masu karanta wannan shafi, ba kuwa sai an jira Majalisa ba. Ma'aikacin ƙaramar hukuma da aka tura rakiyar safiyo, in ya gama rubuta gidajen da aka shafa wa jan fenti, ya buɗe wani shafi ya rubuta jerin da ke bayansu, waɗanda za su zama na bakin titi: sunan mai gida, da irin ginin, da halin da bango ke ciki, da bisan dokin ƙofa daga ƙasa, a ɗauki hoto a liƙa, mai unguwa ya sa hannu. A rubuta ranar da aka buɗe hanyar ga motoci, domin ranar bikin yanke ƙyalle sau da yawa dabam ta ke. Malamin makaranta kuma, wanda a unguwa da yawa har yanzu shi a ke kawo wa takarda ya karanta, ya gaya wa maƙwabtansa su adana takardar sayen gidansu da rasidin duk gyaran da suka yi bayan zuwan titin, in kuma za su kai kuka su kai shi a rubuce, su riƙe kwafi mai hatimin ofis da kwanan wata. Bayan damina ta farko a koma da littafin nan a sāke duba gidajen ɗaya ɗaya, a aika wa Ma'aikatar Ayyuka abin da aka gani.